Babi Na Tara: Lantarki A Gefen Ɗinki

Tun daga shekarar 1846, sa'ad da aka shaƙa wa wani majinyaci maganin barci a gaban taron likitoci a birnin Boston na Amurka, aka yi masa fiɗa bai ji zafin wuƙa ba, ilmin tiyata ya yi ta hauhawa har ya kai munzalin da a yau ake buɗe ƙirjin mutum, a gyara zuciyarsa, a mayar a rufe, alhali kuwa yana kwance bai san abin da duniya take ciki ba. Amma wannan nasara, duk da girmanta, iyakarta ƙofar ɗakin tiyata, domin da zarar magani ya saki mutum, aka gangaro da shi ɗakin majinyata, sai raɗaɗin da aka jinkirta masa ya taso masa gaba ɗaya, ya kwana biyu ko uku yana fama, daga shi sai mai jinyarsa da ma'aikaciyar da take bakin aiki.

Wanda bai san sha'anin asibiti ba yana iya zaton wannan raɗaɗi wahala ce kawai wadda haƙuri zai gusar, alhali kuwa shi kansa cuta ne mai haifar da cututtuka. Mutumin da aka yi wa aiki a ciki ko a ƙirji, saboda tsoron motsa ɗinki, yakan taƙaita numfashinsa, ya danne tari, sai kaki ya taru a ƙasan huhu, wani sashe na huhun ya lotsa, ciwon nimoniya ya sami ƙofar shiga. Yakan ƙi tashi ya taka, sai hanji ya yi nauyin komawa bakin aikinsa, jini kuma ya sami damar daskarewa a jijiyoyin ƙafa, gudan da in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya yin ajalin mutum. Matar da aka ciro wa ɗa ta hanyar tiyata takan kasa gyara zama ta ba jaririnta mama. Saboda haka sauƙaƙa raɗaɗi rukuni ne daga rukunan warkarwa, kuma wanda ya yi sakaci da shi ya bar aikin likitan tiyata bai cika ba.

Magunguna kuwa, waɗanda su ne madogara ta farko, kowanne yana da nasa aibi. Mofin da danginsa, irin su fentazosin da taramadol da aka saba bayarwa a asibitocin Nijeriya, suna kawo tashin zuciya da amai da gyangyaɗi da taurin bayan gida, in kuma suka yi yawa su raunana numfashi. Dangin dikulofenak suna iya cin bangon tumbi, su wahalar da ƙoda, su ƙara zubar jini. Ga kuma ƙarancinsu a inda aka fi bukata: kwamitin da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa daga cikin tan 298.5 na mofin da danginsa da ake rarrabawa a duniya kowace shekara, abin da yake isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda Nijar da Chadi suke cikinsu, bai wuce tan 0.1 ba. A gefe guda kuma fitinar shaye-shayen taramadol da kodin, wadda ta sa gwamnatin Nijeriya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, ta jefa tsoro a zukatan likitoci da iyaye, har wasu suna ƙyamar maganin ko a wurin da ya wajaba. A irin wannan hali, duk wata hanya da za ta rage raɗaɗi ba tare da an ƙara ƙwaya ko allura ba ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira.

Asalin al'amarin

Hanyar da muke nufi ita ce wadda likitoci suke kira TENS a taƙaice, watau tsikarar jijiyoyin ji da raunanan lantarki ta saman fata. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, tana aiki da ƙaramin batir, wayoyi suna fita daga jikinta zuwa wasu 'yan faya-fayan roba masu ɗanko da ake mannawa a fata.

Amfani da lantarki wajen magani ya girmi injin lantarki nesa ba kusa ba. Masuntan Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi sun san minjirya, kifin nan mai jan wanda ya taɓa shi har hannu ya sage, kuma likitan nan Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Masar wajen shekarar 1200, ya siffanta irinsa na kogin Nilu cikin littafinsa na labarin ƙasar. Tun kafinsa da fiye da shekara dubu, a zamanin Sarkin Rum Kalaudiyus, wani likita mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa mai fama da ciwon gaɓɓan ƙafa ya ɗora ƙafarsa a kan wani kifin teku mai irin wannan ɗabi'a har sai ta yi sanyi ta daina ji, haka nan ma mai ciwon kai mai naci. Mujarrabi ne da suka gani da idonsu, illa iyaka ba su san sababinsa ba.

Sababin bai bayyana ba sai a 1965, lokacin da masana biyu, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka wallafa nazarinsu a mujallar Science. Bayaninsu shi ne, saƙon da fata take aikawa ƙwaƙwalwa ba ta jijiya iri ɗaya yake tafiya ba: akwai jijiyoyi masu kauri masu ɗauke da labarin taɓawa da shafa da girgiza, waɗanda saƙo yake gudu a cikinsu fiye da mita 30 a sakan guda, akwai kuma sirara masu ɗauke da labarin zafi, waɗanda mafi jinkirinsu ba sa wuce mita ɗaya ko biyu a sakan, dukkansu kuwa sai sun yada zango a lakar gadon baya kafin a wuce da labarin sama. Misalin wannan zango kamar ƙofar ganuwa ce ta birni irin Kano a zamanin da, inda mahayin doki, da yake shi ya riga isowa, yakan sa Sarkin Ƙofa ya sako ƙyaure, sai 'yan ƙasa masu tafe da mugun labari su tarar da hanya a ƙuntace, kaɗan daga cikinsu ne za su kutsa. Wani lokaci kuma daga fada ne umarni yake saukowa a rufe ko a buɗe, watau ita ƙwaƙwalwa da kanta, gwargwadon natsuwar mutum ko firgicinsa. Wannan shi ne sirrin abin da kowace uwa take yi ba tare da ta karanta ba, in ɗanta ya bugi goshi ta sa hannu ta murza masa wurin. Aikin na'urar TENS shi ne ta yi wannan murzar ba tare da gajiya ba, sau tamanin ko ɗari a kowane sakan.

A 1967 Wall da wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa mai suna William Sweet suka jarraba nazarin a jikinsu tukuna, suka tsikari jijiyar da take ƙarƙashin idonsu da lantarki, suka ga jin tsini ya ragu a wurin, sa'an nan suka gwada a kan majinyata. Ba a jima ba aka ƙera ƙananan na'urori masu batir, kuma a 1973 da 1974 wani likita a Amurka mai suna Alan Hymes da abokan aikinsa suka fara ba da rahoton amfani da su a gefen ɗinkin tiyata. A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano a Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya cewa jikin ɗan Adam yana da nasa mofin da Allah Ya halitta masa a ƙwaƙwalwa da laka, daga baya bincike a Suwidin da Amurka ya nuna cewa tsikarar lantarki tana motsa wannan taska ta jiki. Ke nan hanyoyi biyu ne na'urar take bi, ta ƙuntata ƙofa, ta kuma sa jiki ya saki maganinsa.

Saɓanin masana da abin da ya rinjaya

Ba adalci ba ne a kira ma'aikatan asibiti zuwa ga wata hanya a ɓoye musu cewa masana sun yi saɓani a kanta, domin likita mai karatu zai gano da kansa, sa'an nan ya yi watsi da mai kiran da abin da ya kira zuwa gare shi. A 1996 wasu masana a Oxford suka tattara binciken da aka yi kan TENS bayan tiyata, suka ware waɗanda aka raba majinyata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, wanda shi ne ingantaccen tsari, suka sami guda 17, kuma 15 daga ciki ba su nuna wata fa'ida ba. Alhali daga cikin 19 da ba a bi wannan tsari ba, 17 sun yabi na'urar. Wannan hukunci ya yi nauyi ƙwarai, ya kuma sanyaya gwiwar likitoci da yawa.

Amma a 2003 Jan Bjordal na ƙasar Nowe da Mark Johnson na Ingila da wata abokiyar aikinsu suka sake duba mas'alar ta wata fuska, suka yi tambayar da ake yi wa kowane magani, watau shin an ba da shi gwargwadon da ya kamata? Suka tara bincike 21 da suka ƙunshi majinyata 1,350, suka auna yawan maganin raɗaɗin da kowane kashi ya nema bayan tiyata. A jimlace, waɗanda aka sa wa na'ura ta gaskiya sun sha magani ƙasa da waɗanda aka sa wa ta bogi da kashi 26.5 cikin ɗari. Da suka raba binciken gida biyu kuwa sai asiri ya tonu: inda aka manna faya-fayan a kusa da rauni, aka kuma ɗaga ƙarfin lantarkin har ya yi ƙarfi sosai amma bai kai ga zafi ba, ragin ya kai kashi 35.5, inda ba a tabbatar da hakan ba, kashi 4.1 ne kacal. Wanda ya ba majinyaci ɗan ɓarin ƙwaya bai sami sauƙi ba, ba shi da hujjar cewa maganin ba ya ci.

A wannan shekarar dai, wasu malaman jinya biyu a Jami'ar Iowa ta Amurka, Barbara Rakel da Rita Frantz, suka nuna a kan waɗanda aka yi wa aiki a ciki cewa fa'idar na'urar ta fi bayyana a lokacin tafiya da jan dogon numfashi, ba a lokacin da mutum yake kwance shiru ba, wanda kuwa shi ne ainihin raɗaɗin da yake hana tari da takawa, kuma shi ne wanda mofin ma bai cika iya masa ba. A 2016 manyan ƙungiyoyin likitocin raɗaɗi da na maganin barci na Amurka suka sanya TENS cikin ƙa'idojinsu na kula da raɗaɗin bayan tiyata a matsayin abin da likita zai iya ƙarawa a kan magunguna, ko da yake sun bayyana cewa shawara ce mai sauƙi, hujjarta matsakaiciya. A 2022 kuma Johnson da jama'arsa suka tattara bincike 381 da suka haɗa mutane fiye da 24,000 masu raɗaɗi iri-iri, suka ƙare da cewa zafi yana raguwa a lokacin da na'urar take aiki da jim kaɗan bayan an kashe ta, ba tare da wata mummunar illa ba. Abin da ya rinjaya ke nan: mataimakiya ce ga magani, amfaninta matsakaici ne amma tabbatacce, kuma yana rataye da sharuɗɗa.

Sharuɗɗa da abubuwan da suke hanawa

Sharaɗi na farko shi ne wuri. Ana manna faya-fayan biyu ko huɗu a kan lafiyayyar fata mai ji, a gefe da gefen ɗinki, tazarar kamar santimita 5 daga bakinsa, a wajen bandeji, bayan an wanke hannu an goge fatar ta bushe. Na biyu shi ne saurin bugu, wanda galibi akan ajiye tsakanin 80 da 100 a sakan. Na uku, wanda shi ne ruhin aikin, shi ne ƙarfi, kuma babu mai sanin iyakarsa sai majinyacin, domin jiki magayi. Ma'aikaciya za ta ce, "Baba, wannan ba wutar NEPA ba ce, ɗan batir ne. Zan riƙa ƙarawa a hankali, in kun ji zir-zir ku gaya mini, in ya yi ƙarfi sosai amma bai yi zafi ba, nan za mu tsaya." Kuma da yake jijiya takan saba da tsikara bayan 'yan mintoci har mutum ya ce ya daina ji, wajibi ne a dawo a ƙara, ko a koya wa majinyacin ya murɗa da kansa. Na huɗu shi ne lokaci: a kunna ta gabanin abin da zai tayar da zafi, kamar tashi zaune, da tari, da zuwa bayan gida, da taku na farko, a bar ta tana aiki har a gama, kamar minti 30 ko fiye, sau da yawa a yini.

Abubuwan da suke hanawa kuwa kaɗan ne, amma ba a wasa da su. Ba a sa wa wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Ba a mannawa a cikin mace mai juna biyu. Ba a ɗorawa a gaban wuya, inda jijiyoyin da suke kula da hawan jini da bugun zuciya suke, ko a kan ido. Ba a sa ɗaya a ƙirji ɗaya a baya yadda lantarki zai ratsa zuciya. Ba a sawa a kan miki, ko fatar da ta mutu ba ta ji, ko ƙafar da jini ya daskare a cikinta. Mai farfaɗiya da mai ciwon daji sai da izinin likita. Wanda bai gama farfaɗowa ba, ko hankalinsa ya gushe, ba a sa masa, domin ba zai iya faɗin iyakarsa ba. Tana iya rikita zanen injin da yake lura da bugun zuciya, sai a sanar da mai lura. Illar da aka fi gani ita ce ja ko ƙaiƙayi a inda ɗanko ya zauna, maganinta kuwa a duba fatar kullum a sauya wuri, kuma kowane majinyaci da nasa faya-fayan, ba a gadon na wani.

Yadda za a jawo hankalin ma'aikata

In na'ura tana da arha, haɗarinta kaɗan, koyonta ba ya cin yini guda, me ya sa ba a ganinta a ɗakunan tiyata? Babban dalili shi ne ba ta da uwa a wurin. A galibin asibitoci kayan sashen fisiyo ce, waɗanda jama'a suke kira masu gashin ƙashi, su ne suka karance ta, a ɗakinsu take kwana. Su kuwa sukan tashi aiki da la'asar, alhali raɗaɗi ya fi tsananta da dare. Likitan tiyata bai rubuta ta ba domin ba a koya masa ita a matsayin magani ba, ma'aikaciyar jinya kuma ba za ta ba da abin da ba a rubuta ba, kuma tana da gaskiya. Wa'azi da takardar sanarwa a jikin bango ba za su warware wannan ƙulli ba, sai an sauya tsarin aiki.

Mataki na farko shi ne kowane ma'aikaci, tun daga babban likita har ɗalibar jinya, ya ɗora faya-fayan a damtsensa ya murɗa da hannunsa, kamar yadda Wall da Sweet suka fara da kansu, domin gani ya kori ji, kuma wadda ta ɗanɗani bambancin tsikara mai rauni da mai ƙarfi ba za ta tsaya a kan mai rauni don tausayi ba, ba kuma za ta yi in-ina ba in majinyaci ya tambaye ta ko wuta za ta ja shi. Na biyu, a shigar da ita cikin takardar magani, a rubuta wuri da saurin bugu da lokuta, a bar gurbin sa hannu, a ambace ta wajen zagayen likitoci da wajen miƙa aiki, domin abin da aka rubuta shi ake tambaya, abin da ake tambaya kuma shi ake yi. Na uku, na'urorin su kwana a ɗakin majinyata, da batir da faya-fayai a ajiye, ƙarƙashin amanar sista guda da aka sani da suna, likitan fisiyo kuwa ya zama malami mai koyarwa da bin sawu. Na huɗu, a fara da aiki iri ɗaya, kamar tiyatar haihuwa ko ta ƙaba, a yi wa majinyaci da mai jinyarsa bayani tun kafin a shiga da shi, lokacin da hankalinsa yake kwance.

Na biyar shi ne awo, kuma a nan akwai abin da ya keɓanci mutanenmu. Bahaushe, in aka ce masa yaya jiki, amsarsa ita ce da sauƙi, ko da gumi yana keto masa, domin ladabi da tawakkali sun hana shi kai ƙara. Mace mai haihuwar fari kuwa kunya da dauriya sukan ɗaure mata baki, musamman in surukarta tana zaune a gefen gado. Ma'aikaciyar da ta karɓi wannan amsa ta wuce ba za ta taɓa sanin ko na'urar ta yi aiki ba. Sai ta ce, "Hajiya, ku ɗan yi tari in gani," ta dubi fuska da hannun da ya dafe ciki, ta nemi a kimanta mata zafin daga sifili zuwa goma, ta rubuta, ta kunna na'ura, bayan minti ashirin ta sake. In ɗaki ya tara irin wannan lissafi na wata uku, aka karanta shi a taron ma'aikata tare da yawan alluran da aka yi da ranar da kowa ya fara taku, to, hujjar da ta fito daga gadajensu za ta fi musu tasiri a kan wadda ta fito daga Oxford ko Iowa.

Akwai mai cewa aiki ya yi yawa, ma'aikaciya guda tana riƙe da gadaje masu yawa da dare, ina ta ga sararin manne-manne? Uzuri ne karɓaɓɓe, amma mannawar ba ta wuce 'yan mintoci, faya-fayan kuma suna iya zama a wurinsu tsawon yini, bayan haka majinyaci ne yake kunnawa yana kashewa, wanda hakan kansa yana rage masa firgici da yawan aika mai jinya ta kira Sista.

Abu guda ya rage wanda ya wajaba shugabannin asibiti su kiyaye, shi ne kada arhar na'urar ta zama dalilin tauye wa majinyaci haƙƙinsa na magani. Wanda aka tsaga wa ciki yana bukatar farasitamol da danginsa a kan lokaci, yana bukatar mofin in zafi ya tsananta, kuma in aka sa masa TENS bisa sharuɗɗanta bai ji sauƙi ba, a cire a ba shi abin da zai yi masa, ba tare da an zarge shi da raki ba. Haka nan zafin da ya ƙaru ba zato, tare da zazzaɓi ko kumburin ciki ko jiƙewar bandeji, likita yake nema. Asibitin da ya tsaya a kan wannan haddi, ya rubuta na'urar kamar yadda yake rubuta allura, ya ɗaga ƙarfinta zuwa inda ya kamata, ya kuma auna sakamakonta da gaskiya, shi ne zai san majinyatan da take amfana da waɗanda ba ta amfana, kuma a kan wannan sani ne ya halatta ya faɗaɗa ta zuwa sauran ɗakunansa.